Sunan Ɗan Fari a Ƙofar Gandu

Na kwashi 'ya'yana biyu daga Unguwar Mu'azu ta Kaduna na kai su kan dutse a ƙasar Kamaru, kuma a ƙofar gandun dajin da na je neman aiki saura kaɗan a ƙwace mini babban. Abin da ya faru ke nan.

Sunana Isuhu. Dako ne sana'ata. Na fara da lodin jarka a Rido, kusa da matatar mai, na koma ɗaukar buhu a kasuwa, har na yi shekara ashirin da ɗoriya. Ban yi boko ba. Matata Hadiza ta rasu da damina, ta bar mini Abba mai shekara shida da Binta mai uku. Ranar sadakar arba'in, wanta Kawu Ado ya tara mutane ya yanke hukunci: Binta za ta Tudun Wada wurin ƙanwar uwarta, Abba kuma shi zai riƙe a gidansa na Mahuta. Ya ce namiji ba ya reno, balle ɗan dako da ke fita tun asuba. Kowa ya gyaɗa kai.

Ni ɗan fari ne a gidanmu, kuma tun ina ƙarami aka ba da ni riƙo. Na san yadda ake zuba wa ɗan riƙo tuwo. Na ce ban yarda ba.

"To da me za ka riƙe su?" in ji Kawu Ado.

"Da wannan wuyan," na ce, na tashi.

Ya bi ni da magana cewa in na isa in gwada, wata uku ya ba ni, da ƙafata zan kawo masa su.

Akwai wani Sale da muka yi dako tare, ya tsallaka Kamaru tuntuni. Shi ya kira ni a waya ya ce akwai gandun daji na gwamnati a kan duwatsu, inda masu binciken tsuntsaye da birai suke hawa da kaya, ana neman masu wuya. Ana ba da ɗaki a sansani, akwai matan ma'aikata a wurin, akwai makaranta a ƙauyen ƙasa. Ɗakin nan na ji, ban ji sauran ba. Maƙwabciyata Mama Rifkatu, mutuniyar Kagoro mai tuyar ƙosai, ta ba ni rigunan sanyi biyu na jikokinta, da katin asibitin yaran da Hadiza ta ba ta ajiya. Ta ce in sa su a leda kada ruwa ya taɓa. Na sa.

Sai na faɗi wani abu a nan, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Abba ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Saboda haka ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Abba ɗin ma ba kasafai nake faɗa ba. In ina nemansa sai in ce, "Kai," ko in ce wa Binta ta kira yayanta. Ban taɓa ɗaukarsa ba, ba na cin abinci kwano ɗaya da shi, ba na tsayar da ido a kansa gaban mutane. Uwarsa ma haka ta yi. Haka muka taras, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba. Na ƙi in ba da shi, amma kunyar na riƙe ta yadda aka ba ni.

Zangon farko Jalingo. Kwana muka yi a hanya cikin motar da aka cusa mu kamar buhunan albasa. Binta a cinyata, Abba a tsakanin ƙafafun wani mai sayar da magani. Mutumin ya yi ta ba shi gyaɗa, daga baya ya tambaye ni ko yaron almajirin shagona ne ko ɗan maƙwabta. Na ce nawa ne. Ya dube ni, ya dubi yaron.

Daga nan muka kama hanyar Gembu. Ban taɓa sanin mota tana hawa sama kamar ƙadangare ba sai ranar. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, rami a gefe ba a ganin ƙarshensa. Kunnuwanmu suka toshe. Binta ta yi amai a rigata sau uku, tana kuka tana cewa a kai ta wurin Mama Rifkatu. Abba ya yi nasa aman a leda, ya ƙulle, ya riƙe a hannu har muka tsaya. Tun ranar da aka fita da uwarsa ban ji kukansa ba. Na ɗauka jarumta ce, har ina jin daɗi a raina.

A Gembu aka cuce ni. Wani mai farar hula a tasha ya ji ina tambayar hanyar iyaka, ya ce ba a tsallakawa da yara sai da takardar wucewa, shi kuma yana da ɗan'uwa a ofis. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya tafi, ya dawo da takarda mai hatimi shuɗi da rubutun Faransanci. Har addu'a ya yi mana. Na naɗe ta na sa cikin leda tare da katin asibiti. Mutumin ya haɗa mu da masu babur, su kuma suka bi da mu ta hanyar shanu, ba mu ga ofishin iyaka ko ɗaya ba. Da na tambaya suka ce ai mun wuce tun ɗazu. A bakin wani kogi suka sauke mu suka ce nan aikinsu ya ƙare, alhali har gari muka yi da su.

Mai kwalekwale ya tsallakar da mu bai karɓi komai a kan yaran ba. Ya ce ba ya karɓar kuɗin marayu. Ban gaya masa marayu ne ba. Ya ce kitson yarinyar ya duba.

Kwana biyu muka yi a garin da ke gindin dutsen, a rumfar wani mahauci Bahaushe, ina neman Sale a waya ba ta shiga. Garin ba hayaniya. Ba ƙarar keke mai ƙafa uku, ba masu kiran fasinja, ba warin man da iska ke kawowa daga Rido. Da safe sai hazo da kukan shanu. Na zauna ina jin kamar an cire mini wani abu a kunne. Abincinsu rogo ne da ganye, Binta ta ƙi ci, sai da matar mahaucin ta dama mata kunu. Ita ce ta tsefe mata kai ta yi mata sabon kitso. Mahaucin ya ce in bar yaran wurinsu in hau ni kaɗai in dawo. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na gode masa, na ce tare muka zo.

Daga garin zuwa ƙofar gandu tafiyar ƙafa ce, hawa zalla. Muka fita bayan sallar asuba. Na ɗora jaka a ka, na saɓa Binta a kafaɗa, Abba yana biye da ledar garin kwaki. Ruwa ya sauko mana a rabin hanya, ƙasar ta zama jan taɓo mai santsi. A wani wuri taɓon ya cinye masa silifa ɗaya, dutse ya yanke shi a tafin ƙafa. Ban waiwaya ba, amma na sani, domin takunsa ya canza. Tun daga gari kunnena yana kan takun nan. In ya tsaya, sai in tsaya in yi kamar ina gyara gammo. In ya taso, in ci gaba. Haka muka yi ta yi har hantsi.

Abin da ban sani ba, daga ƙofar gandu ana hango hanyar tun daga nesa. Shugaban masu gadi, wanda suke kira Shef, ya daɗe yana kallonmu da madubin hangen nesa. Abin da ya gani shi ne ƙato ɗauke da yarinya mai kumatu, da wani ramammen yaro can baya yana ɗingishi, ƙaton ko sau ɗaya bai juya ba.

Shef mutumin kudancin ƙasar ne, dogo, cikin koren kaya. Ba ya jin Hausa. Da Turancin buroka muka yi magana, irin wanda na koya a kasuwa wurin Inyamurai. Na ce wurin Sale na zo. Ya ce Sale yana can sama da baƙi, sai bayan kwana uku. Ya nemi takarda, na miƙa masa ta mai farar hula da ƙarfin gwiwata. Ya karanta, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya karanta. Rasiɗin maganin shanu ne.

Na ba shi katunan asibitin yaran. Ya duba na farko ya nuna yarinyar, ya ce in faɗi sunanta. Na ce Binta. Ya gyaɗa kai. Ya duba na biyu ya nuna yaron.

Na ce Abba.

Ya ce ba shi ne a rubuce ba. Ya sake tambaya. Na sake cewa Abba. Na san sunan da ke jikin katin, ni na raɗa wa liman shi ranar suna. Amma ga yaron tsaye, ga mutane, bakina ya ƙi. Shef ya durƙusa ya tambayi Abba, ta bakin wani mai gadi da ke jin Hausa, wane ne wannan mutumin, kuma yaya sunansa. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya faɗin sunan ubansa. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa mai jini.

Shef ya miƙe. Ya ce ba yau ya fara ganin an tsallako da ɗan mutane ana kai shi kiwo ko gona ba. Ya ce yarinyar tawa ce, wannan ko makaho ya gani, amma yaron zai sauka gari wurin hukuma har a gano iyayensa. Ni kuma in na so in bi, in na so in koma inda na fito. Wani mai gadi ya kama hannun Abba ya kai shi bayan motarsu a-kori-kura, ya ɗora shi. Yaron bai yi gardama ba. Ya zauna a kan tayar ajiya, yana rungume da ledar garin kwaki.

Akwai wata tsohuwa Bafulatana a gefen ƙofar tana gasa masara, ana ce mata Dada. Ta taso tana dogara sanda, ta yi wa Shef bayani da Fulatanci, mai gadi yana juyawa. Ta ce ɗan fari ne, su ma haka suke yi, ita kanta nata ɗan farin har ya yi furfura ba ta taɓa kiran sunansa ba. Shef ya ce al'ada ba ta cikin littafinsa. In ɗana ne, in faɗi sunan.

Direba ya tayar da mota.

Na tuna Kawu Ado da watanninsa uku. Ko wata ɗaya ba a yi ba. Na ƙi ba wa kawun yaro shi, ga shi zan ba wa wanda bai san ko sunan unguwarmu ba. Na buɗe baki na faɗa, da ƙarfi, yadda har na cikin mota zai ji.

"Haruna."

Shef ya duba kati, ya ga shi ne. Sai ya juya ya dubi yaron. Abba bai ko ɗaga kai ba. Ina zai ɗaga? Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa kiransa da shi, ba a gida ba, ba a unguwa ba. Bai san nasa ba ne. Na sake kira, ya ci gaba da kallon leda. Masu gadi suka fara dariya. Shef ya ce ko ɓarawo yana iya haddace abin da ke jikin kati, ya yi wa direba alama da hannu.

Na sauke jaka. Na sauke Binta na tsayar da ita kusa da Dada. Na nufi motar. Wani mai gadi ya gitta mini bindiga a ƙirji, na ture ta da kafaɗa yadda nake ture mutane a layin 'yan hatsi in na ɗauko buhu. Ya yi mini tsawa da Faransanci. Na ce masa da Hausa, ko ya ji ko bai ji ba:

"In harbi ne ka harba. Amma da shi a hannuna za ka harbe ni."

Na miƙa hannu biyu na ɗauko Abba daga bayan motar.

Ni mutum ne da nake sanin nauyin buhu da ido kafin in taɓa shi. Ban san nauyin ɗana ba. Na yi shirin ɗaukar abu mai nauyi, sai na ji kamar damin kara. Haƙarƙarinsa duk a tafin hannuna. Jikinsa da zafi, ashe zazzaɓi yake yi, ban san tun yaushe ba. Ya sandare kamar itace, hannuwa a miƙe, bai san inda ake sa su ba. Na ɗora kansa a kafaɗata na riƙe. Muka tsaya haka. Can sai na ji ledar garin ta faɗi ƙasa, ya cafke wuyana da hannu biyu har numfashina ya sarƙe, ya fashe da kuka. Ba kukan ciwon ƙafa ba ne. Uwarsa yake kira. Kukan wata biyu ne ya fito a lokaci guda, a gaban baƙi, a ƙasar da ba tamu ba. Ban ce ya yi shiru ba.

Binta ce ta ɓata wa kowa tsari. Ta ƙwace daga hannun Dada ta rugo tana dukan ƙafata.

"Yaya ka sauka. Baba ba ya ɗaukar manya. Wurina ne."

Da ya ƙi sauka ta kama ƙafarsa mai lafiya tana ja. Shef ya tambayi abin da take cewa, aka juya masa. Ya durƙusa ya ce a tambaye ta wane ne wannan da take ja.

"Yayana ne mana," ta ce. "Shi ya cinye mini ƙosaina a mota."

Abba, cikin kuka, ya ce ƙarya take yi, ita ta jefar ta taga. Ta ce shi ne. Suka kama musu, shi a kafaɗata, ita a ƙasa. Dada ta yi dariya har ta zauna. Shef bai yi dariya ba, amma ya ce direba ya kashe mota.

Ya ce zai bar mu a ɗakin ajiya na bakin ƙofa har Sale ya sauko ya shaide ni, katin kuma yana hannunsa. Shi da kansa ya kawo ruwan zafi da magani ya wanke ƙafar yaron, ya ba shi ƙwayar zazzaɓi. Yana ɗaure ƙafar ya ce mini shi tun da yake bai taɓa ganin uban da ɗansa ke zubar da jini a bayansa bai waiwaya ba.

Na ce masa yau ya gani. Na ce ya tambayi yaron sau nawa na tsaya gyara gammo. Aka tambaye shi. Abba ya ce duk sanda ya gaji.

Kwana uku Dada tana ciyar da mu da masara da nono. Sale ya sauko ya shaide ni, ya yi ta faɗa a kan takardar maganin shanu, sannan ya raka ni gari aka yi mana takardun gaskiya. Ranar da za mu hau sansani ƙafar Abba ba ta warke ba. Na ari zane wurin Dada, ta koya mini ɗauri, na goya shi a baya, jaka a ka, Sale ya ɗauki Binta. Masu dakon wurin suka tsaya suna kallo. Wani ya ce ga sabuwar uwargida ta iso daga Nijeriya. Na ce masa ya bari mu kai sama, sai a ga wanda zai fara neman wurin zama. Shi ya fara. Har yau Mai Goyo suke kirana, ina kuma amsawa.

Sunan nan ban sake faɗinsa ba, kuma ba na jin zan sake. Sunan mahaifina ne. Amma yanzu kwano ɗaya muke ci mu uku, wanda ya ga abin kunya ne ya kau da kai.

Akwai wani dutse sama da sansani inda waya take kamawa. Bayan wata uku cif na hau na kira Kawu Ado. Ya tambaya yaushe zan kawo su. Na ba Abba wayar ya gaishe shi, na ba Binta ta gaishe shi, na karɓa na ce masa ya gaida mutanen Mahuta.

Yanzu damina biyu ke nan. Ina ɗaukar kayan masu bincike zuwa ƙololuwa, kwana biyu hawa, kwana ɗaya sauka, matar Sale tana duba yaran in ba na nan. Abba yana aji biyu a makarantar ƙauyen ƙasa, shi yake karanta mini duk takardar da aka miƙo mini kafin in sa ta a aljihu. Binta ta fi ni jin Fulatanci. Sanyin wurin bai bar gwiwoyina lafiya ba, kuma ina kewar Kaduna kullum. Ina nan a sansani na biyu, ɗaki na ƙarshe kusa da rafi, mai jan ƙyaure. Mu uku ne a ciki, ba a rage ko ɗaya ba.